A bar yaro ya fara jin labarin kafin ya kalle shi

A hutun da ya wuce na ce wa ɗiyar ƙanena, 'yar shekara tara, ta faɗa mini kamannin dodo. Nan take ta siffanta mini wanda ta gani a wani fim a wayar babanta, har launin idonsa. Ƙannenta biyu ma shi suka siffanta. Mu kuwa da muka tashi nan Sakkwato muna jin tatsuniya a tsakar gida bayan sallar isha'i, kowa da nasa dodon yake kwana. Nawa yana da wutsiya, na yayata ba shi da ita, alhali daga bakin kaka ɗaya muka ji shi.

Ba na ƙin fim, amma ina ganin shi ya kamata ya zo daga ƙarshe. Littafin Harry Potter na farko ya fito a Ingila a 1997, fim ɗinsa a 2001. Karatunsa da murya ya haura awa 8, fim ɗin kuwa awa biyu da rabi ne, don haka dole a yi yanka. Akwai wata fatalwa mai tsokana, Peeves, da aka cire ɗungurungum. Yaron da ya fara da kallo ba zai san an rage masa komai ba, kuma in ya ɗauki littafin daga baya, fuskokin 'yan wasan ne za su riƙa tsaya masa a ido.

Sauraro ba ya yi wa yaro wannan ƙwace. Murya tana ba shi kalmomi cikakku, ta bar masa aikin zana hoton a zuciyarsa. Ga yaron da karatu bai zauna masa ba, kuma irinsu suna da yawa a makarantun firamarenmu, kunne shi ne ƙofar da ta fi kusa. Wannan ba baƙon abu ba ne a garin nan. A ƙarni na 19 Nana Asma'u ta tura jajis ɗinta, wato malamai mata, zuwa ƙauyuka, suna ɗauke da waƙoƙinta a ka suna koyar da mata ta hanyar ƙungiyar 'Yan Taru. Da baki ilimin ya yi tafiya.

Abin da ke damuna shi ne, littattafan soyayya na manya sun cika YouTube ana karanta su da Hausa, amma da wuya ka samu wanda aka zauna aka karanta wa yara da kyau. Ba kuma don babu abin karantawa ba. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito daga gasar da aka yi a 1933, tafiya ce ta neman ruwan magani har ƙasar aljanu. Ga Magana Jari Ce da akunsa mai ba da labari. Ga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, inda yaro ya yi yawo a sararin samaniya. Sashen Harsunan Nijeriya na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da gidan Rediyon Rima za su iya haɗa hannu, su nemi izinin masu haƙƙin mallaka, su ɗauki waɗannan da muryoyin 'yan gari. Sauti ba ya cin data kamar bidiyo, ana iya tura shi ta WhatsApp ko a zuba a katin waya.

Na san akwai iyayen da sihiri da bokaye na cikin labaran Turawa ke ɗaga wa hankali, kuma damuwarsu tana kan hanya. Shawarata uba ko uwa su fara saurara, ko su zauna a ji tare. Kakanninmu sun san wannan, shi ya sa suke rufe tatsuniya da faɗa wa yara ƙarara cewa ƙarya aka shirga musu.

Masu sharhin littattafai kuma, idan irin wannan aiki ya fito, kada su tsaya ga labarin kaɗai. Su auna mai karatun: yana ja baya da murya in dodo ya tunkaro? Yana yi wa Gizo tsamin bakinsa, ko kuwa da muryar labaran ƙarfe bakwai yake karanta shi?