Hankici ba takunkumi ba ne

Na ga bidiyon samarinmu suna tono a kan ɓaraguzan benen nan da ya rufta, kowa fari fat kamar an tsamo shi daga buhun fulawa. Wani ya ɗaura hankici, wani ko shi babu. A ƙasa sai ruwan yabo: "Zakunan Zongo!" Madalla, ku ci gaba da tafi. Ran da tari ya kwantar da zakin, ku za ku biya kuɗin asibiti?

Taimako kam sun yi, Allah ya saka. Amma masu cewa "ai ƙurar hunturu ma shanta muke yi duk shekara", ku yi mana shiru. Garin kankare kaifi gare shi kamar ruwan toka, yana ƙona ido da maƙogwaro. Cikinsa akwai silika, burbushin yashin da ido ba ya gani, mai wuce hankici ya sauka can ƙasan huhu, ya bar tabon da ba ya warkewa, ya buɗe wa tarin fuka ƙofa. In rufin tsohon sileti ne na asbestos, ciwon dajin da ƙurarsa ke jawowa kan yi shekara 20 zuwa 40 kafin ya bayyana.

A New York 'yan kwana-kwana 343 suka mutu ranar 11 ga Satumba 2001, da aka kai hari tagwayen benaye suka rufta. Zuwa 2023, abokan aikinsu da ciwon bayan aikin ya kashe sun kamo adadin. Mu da benen kantin Melcom ya rufta a Achimota ta Accra a 2012, gawa muka ƙirga. Huhun masu tono fa?

Don Allah 'yan'uwa, a sa takunkumin N95 mai tace ƙura, a matse ƙarfensa kan karan hanci. Mai cikakken gemu, ƙura ta gefe take shigar maka, gara ka riƙe tiyon ruwa. A jiƙa ɓaraguzai kafin a ɗaga, kar a yi shara a bushe. Kayan jiki a tuɓe su a wurin, a ƙulle a leda, a wanke daban da na yara. Ido a zuba masa ruwa minti 15, ban da murza. Madarar gwangwanin da ake ɗurawa wai don ta wanke ƙura kuwa ciki take zuwa, ba ta san hanyar huhu ba. Tarin da ya wuce mako biyu, ko numfashi mai fito, a je asibiti a faɗa wa likita wurin da ranar, a nemi gwajin hura iska.

Su kuma masu aboboya, keken kaya mai ƙafa uku, da ke kwaso ɓaraguzan suna cike mana ramukan lungu, inda yara ke buga ƙwallo, wa ya aike ku ne wai?