Shekara uku a jere, ɗanta ne tunkiya

Takardar ta fito ranar Litinin. An manna ta a ƙofar aji da salatef, an ɗauki hotonta an jefa a guruf ɗin iyaye na WhatsApp: sunayen waɗanda za su yi wasan haihuwar Yesu a bikin rufe zangon farko. Duk wanda ke da yaro a makarantar kuɗi ya san kamanninta. Sunaye bakwai ko takwas a sama, kowanne da matsayinsa a gabansa, sai a ja layi, a ƙasa a rubuta "tumaki da sauransu", a juye yara talatin a wurin kamar ana juye gyaɗa a buhu.

A wata makaranta da ke kudancin garin Kaduna, wata uwa mai sayar da kayan miya ta bi takardar da yatsa daga sama har ƙasa. Ɗanta yana aji uku. A aji ɗaya tunkiya ya yi, a aji biyu tunkiya. Bana yaron ya sa wa ransa, tun watan Oktoba yake haddar maganar mala'ika a Luka sura 2, yana faɗa wa bango, yana faɗa wa kaji. Sunansa na nan ƙasan layi, na goma sha bakwai a garke.

Da aka tashi makaranta ta sami malamar a baranda, iyaye suna tsaitsaye suna jiran 'ya'yansu. Ta rage murya, har da ɗan rusunawa.

"Anti, sannu da aiki. Don Allah ina da 'yar magana."

Anti ba ta ɗago ba. Tana danna waya da yatsa ɗaya, ɗaya hannun yana cikin ledar gyaɗa.

"Ina jin ki."

"Na ga sunan yarona cikin tumaki. Bara ma tunkiya ya yi, bara waccan ma haka. Ya haddace maganar mala'ika tun daga 'Kada ku ji tsoro' har ƙarshe. Ko za a gwada shi?"

Sai a lokacin ta ɗago. Ta dubi matar daga ɗankwali zuwa silifa, ta sake dawowa sama a hankali, irin kallon da ake yi wa kayan gwanjo kafin a taya.

"Madam, in kowa ya zama mala'ika, wa zai zama tunkiya?"

"Ai ban ce lallai sai mala'ika ba, Anti. Ko makiyayi ne, layi ɗaya kawai ya faɗa."

"Kin gama biyan kuɗin makaranta?"

Ba da raɗa ta yi tambayar ba. Mata biyu da ke kusa suka juya, mai gadi ma ya juya.

"Saura kaɗan."

"To, kin gani. Kayan mala'ika dubu goma sha biyar ne, na tunkiya dubu biyar. Taimakonki muka yi. Kuma yaron naki shiru-shiru ne, tunkiyar ta dace da shi."

Ta dace da shi! Yaron yana tsaye riƙe da gefen zanen uwarsa, ya ji kowace kalma. Kafin matar ta sami abin cewa wata babbar mota ta shigo harabar, Anti ta yi zumbur ta miƙe, ledar gyaɗa ta faɗi ƙasa. Muryar da ɗazu take fita da ƙyar ta koma zuma: "Momi, sannu da zuwa! Maryamunmu ta yi ƙoƙari yau sosai!" Ashe tana iya miƙewa. Ashe wuyanta lafiyarsa lau, yana lanƙwasuwa.

Ba wannan uwar kaɗai ba ce, kuma ba bana aka fara ba. Kowa ya san yadda rabon yake tafiya: Maryamu 'yar shugaban ƙungiyar iyaye da malamai (PTA) ce ko jikar mai makaranta, in babu su sai a nemo wadda ta fi haske da tsawon gashi. Yusufu, mijin Maryamu, ɗan wanda ya ba da gudummawar rumfa da kujeru ne. Yaron da ya fi kowa baƙi da jiki shi ne Sarki Hirudus ko jaki, a kuma yi ta dariya. Mai i'ina ko sunansa ba a kawowa. 'Yan mowa a sama, 'yan bora a ƙasan layi. Masu kai yara Islamiyya ma kada su ce abin bai shafe su ba, sun san wa ake miƙa wa makirufo ranar walima.

Hujjar da ake kafawa kullum ita ce matsayi kaɗan ne, yara da yawa. Wannan ragwanci ne aka sa masa rigar hujja, kuma duk wanda ya taɓa buɗe Littafi Mai Tsarki zai gane. Labarin dai yana Luka 2:1-20 da Matiyu 2:1-12, sai zuwan Jibra'ilu wurin Maryamu a Luka sura 1. Yusufun da ake kokawa a kansa ko kalma ɗaya bai furta ba a cikin Linjila. Maryamu a sura 1 ta yi magana, amma a daren haihuwa ba a rubuta ta ce uffan ba. Wato matsayin da iyaye ke ɓata zumunci dominsa, zaman minti arba'in ne a kan benci da 'yar tsana a cinya. Masu magana su ne mala'ika, da rundunar sama da suka yi yabo tare, da makiyaya da suka ce a je Baitalami a gani, da masana taurari, da Hirudus, da malaman da ya tara ya tambaya. Matiyu bai ce masanan su uku ne ba, kyautai ne uku: zinariya, lubban da mur. Mai masauki da jaki kuwa babu su a nassin, ƙari ne na masu wasa. In an iya ƙara jaki, me ya hana a ƙara wa yara layi?

A ɗauki aji mai yara 40. Masu ba da labari goma, a raba musu ayoyin, kowa biyu ko uku. Maryamu biyu, ɗaya ta karɓi saƙon Jibra'ilu, ɗaya ta zauna a Baitalami, mayafi ɗaya ya ishe su su yi karɓa-karɓa. Yusufu ɗaya, mai masauki ɗaya. Mala'iku takwas, a yanka maganarsu gaɓa-gaɓa. Makiyaya shida. Masana taurari shida, biyu a kan kowace kyauta, ɗaya ya ɗauka ɗaya ya faɗi sunanta. Fadar Hirudus mutum shida: sarki, sanƙira mai kirari, malamai biyu, dogarai biyu masu amsa gaisuwa, kuma a nan ne jama'a ke fi dariya in an bar yara suka yi da Hausa. A ƙirga, arba'in cif, ba wanda ya durƙusa da ƙafa huɗu. Tumaki a yanka su da kwali a jingina, ko a ba 'yan nazire masu shekara uku, su da ma rarrafen daɗi yake musu. Ko Faransis na Asisi, waliyyin Katolika, da ya shirya komin dabbobi don tuna haihuwar Yesu a ƙauyen Gireciyo na Italiya a 1223, sa da jaki na gaske ya kawo, bai durƙusar da ɗan kowa ba.

Sauran aikin littafi ɗaya ne mai ganye ashirin. A rubuta abin da kowane yaro ya yi bana, baɗi a duba kafin a raba. Wanda ya yi babban matsayi ya sauka, wanda bai yi magana ba ya hau. Inda yara uku suka dace da abu ɗaya, a naɗe takardu a jefa cikin hula, su ɗauka a gaban 'yan ajinsu. Gwaji kuma mako uku ya isa, minti ashirin a rana, kada layin yaro ɗan shekara takwas ya wuce kalma goma sha biyar, a ba shi a rubuce ya kai gida. Mai i'ina a haɗa shi da wani su faɗa tare, sau da yawa harshen yakan saki in ana magana baki ɗaya. Abin da ke ɓata wasa shi ne a ɗora wa yara huɗu komai, a bar talatin da shida zaune a ƙasa sa'a biyu ana yi musu tsawa. Daga nan ake samun makiyaya suna dambe da sanduna.

Mu dawo kan "taimakonki muka yi". Rigar mala'ika ta ɗan shekara takwas yadi biyu ne na farin yadi. A ninka biyu, a yanka wuya kamar faɗin tafin hannu da rabi, a ɗinke gefe da gefe a bar wurin hannu, a ɗaure ƙugu da igiya. Tela ba zai yi minti talatin a kanta ba. Fikafikai kwalin Indomie ne, a rufe da farar takarda, a sa roba biyu da za su shiga kafaɗa. Kada a sa wayar ƙarfe, tana tsire yaron da ke baya a ido. Kambin masana a auna kan yaro da zare kafin a yanka, a rufe ƙusar sitefila da salatef ta ciki, in ba haka ba goshi zai sha yaga. Kayan tunkiya fa? Su suka fi cin rai. Sai an sami tsohuwar farar riga, a dunƙula auduga ɗaya bayan ɗaya, a manna da gam, a bar ta ta kwana ta bushe. Wanda ya manna da safe zai ga tunkiyarsa tana zubar da gashi tun daga ƙofar gida. Ga safa da za a cusa wa gwiwa saboda siminti, ga ƙurar hunturu da ke mai da farar tunkiya ja kafin a kira ta. Ba a wanke ta, ba a sake sa ta. Rigar mala'ika kuwa ƙani zai gada. To wane taimako aka yi wa mai kayan miya? Dubu goma sha biyar ɗin ba kuɗin yadi ba ne, shinge ne aka kafa don a san wa zai tsallake.

Ranar bikin ma an san yadda za ta kaya. A ce yara su iso ƙarfe bakwai, cikin sanyin Disamba, leɓe ya tsage, riga shara-shara. A rubuta ƙarfe tara a kati, a fara sha biyu saboda babban baƙo bai iso ba. Makirufo ɗaya ne, yana hannun mai gabatarwa, janareta kuma an ajiye shi daf da dandamali, ba wanda zai ji abin da mala'ikan dubu goma sha biyar ya ce. Da ma an ja shi baya da doguwar waya an kafa makirufo biyu daidai tsawon yara, amma wa ke da lokacin wannan, ana lissafin wa zai zauna a babban tebur?

In an bi diddigi, Anti ƙaramar mai laifi ce. Me ya kai mai sayar da tumatir makarantar kuɗi tun farko? Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ce firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole. A leƙa firamaren gwamnati ta unguwa a ga kyautar: rufi a yaye, yara a ƙasa, malami ɗaya da aji cike har taga. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawar 'yan aji huɗu, ta ce sama da dubu 21 sun faɗi, aka sallame su. Iyayen da suka ji wannan labari, wa zai ga laifinsu in sun kwashe 'ya'yansu sun ruga wurin 'yan kasuwa? Su kuma 'yan kasuwar sun san ba mu da wurin zuwa. A watan Yulin 2024 aka sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, amma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma ƙananan makarantun unguwa da yawa a nan suke fakewa. Malamar da albashinta ke ƙarewa a kuɗin Keke Napep tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, idonta yana kan atamfa da ambulan da Momi za ta kawo ranar hutu. Ta san inda shinkafar Kirsimetinta za ta fito, ba daga kwandon tattasai ba. Ma'aikatar ilimi tana ba da lasisi, tana karɓar kuɗin sabuntawa, amma wane jami'i ne ya taɓa tambayar mai makaranta me ya sa ake karɓar kuɗin kaya, kuɗin biki, kuɗin hoto da kuɗin Baba Kirsimeti a kan kuɗin zango?

Mu ma iyaye ba mu fita ba. Mu ne ke tashi mu yi wa Maryamu liƙi har a kasa ganin 'yar tsanar, mu tare gaban dandamali da wayoyi, tumaki na can baya suna tsince audugar juna. Mu ne ke zuwa taron PTA mu yi gum, a fita waje a fara ƙunƙuni. Ana koya wa yara labarin talakawa biyu da aka rasa musu ɗaki a masauki, da makiyaya masu kwana a jeji da aka fara kai wa albishir kafin sarki ya ji, sannan a raba matsayin da rasit ɗin banki, kuma dattawan ikilisiya na zaune a layin gaba suna tafi.

Jiya da dare wani saƙo ya sake shigowa guruf ɗin. An ce iyayen tumaki su tabbata sun biya dubu biyar ɗinsu kafin Juma'a, wanda bai biya ba ɗansa ba zai hau dandamali ba. An kuma ƙara da cewa tumaki su riga kowa zuwa, ƙarfe shida da rabi, su taya jera kujeru.