Martin Offiah: ba da kofin duniya ake auna ɗan wasan gefe ba

Duk lokacin da aka tayar da zancen gwanayen ƙwallon zari-ruga mai 'yan wasa 13, wanda ya fi farin jini a arewacin Ingila da gabashin Ostireliya, sai an ambaci Martin Offiah, sannan sai wani ya ce ai bai taɓa cin kofin duniya ba. Maganar gaskiya ce, amma a ganina ba ta isa hujjar rage masa daraja ba, domin ta jahilci aikin da ɗan wasan gefe yake yi a fili.

An haifi Offiah a unguwar Hackney ta birnin Landan a 1965, kuma iyayensa 'yan Najeriya ne. Ya fara da zari-ruga mai 'yan wasa 15 a ƙungiyar Rosslyn Park, a zamanin da ba a biyan masu wannan wasa albashi, kuma duk wanda ya koma ɗaya ɓangaren don ya sami abin kansa, to an rufe masa ƙofar dawowa. Duk da haka, da kocin ƙungiyar Widnes mai buga wasan 'yan 13, Doug Laughton, ya neme shi a 1987, sai ya amsa. A kakarsa ta farko ya ci sau 42, wato ya dangwala ƙwallo a bayan layin abokan hamayya, aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasa na 1988. Widnes ta ɗauki kofin ƙasa sau biyu a jere, ta kuma doke Canberra Raiders ta Ostireliya a filin Old Trafford a 1989.

A farkon 1992 Wigan ta saye shi kan fam 440,000, kuɗin da ba a taɓa biya kan ɗan wasa ba a wannan fanni, kuma sai a 2006 aka wuce shi. A can ne ya ci Leeds sau 10 a wasa ɗaya, a can ne kuma ya yi abin da har yau ake maimaita hotonsa: a wasan ƙarshe na Challenge Cup na 1994 a Wembley, ya karɓi ƙwallo kusa da layin gidansu, ya ratsa 'yan Leeds, ya kewaye mai tsaron baya, ya kai ta har ɗaya ƙarshen filin. Jimillar cinsa a rayuwarsa ta wasa 501 ce, Brian Bevan da Billy Boston ne kaɗai suka fi shi a tarihin wasan a Birtaniya.

Sai batun ƙasa, inda masu suka suke kafa hujja. Ya buga wa Birtaniya wasa 33, ya ci sau 26, biyar daga ciki a rana ɗaya a kan Faransa a 1991. Yana cikin tawagar da Ostireliya ta doke da 10 da 6 a wasan ƙarshe na kofin duniya a 1992, haka kuma da ta doke Ingila da 16 da 8 a 1995. Amma wanda ya san wasan ya san ɗan gefe shi ne na ƙarshe da ƙwallo take isa gare shi. Idan manyan 'yan gaba ba su ture abokan hamayya ba, kuma 'yan tsakiya ba su buɗe hanya ba, zai iya wuni a bakin layi ba tare da ya sami damar gudu ba, komai saurinsa. Rabon Birtaniya da ta rinjayi Ostireliya a jerin wasannin Ashes tun 1970, lokacin Offiah bai ma kai shekara biyar ba, don haka ɗora masa alhakin wannan tazara rashin adalci ne.

Akwai suka ɗaya da nake ganin tana da tushe: ba a san shi da ƙarfin tare abokin hamayya ba, kuma yawan cinsa ya samu ne a Widnes da Wigan, ƙungiyoyin da suka fi kowa ƙarfi a lokacinsu. Sai dai 'yan gefe da yawa sun buga a waɗannan ƙungiyoyi, babu wanda ya kusanci adadinsa a zamanin. Ya kuma je Sydney ya buga wa Eastern Suburbs da St George, a gasar da ta fi ta Ingila tsauri, ya ci gaba da ci. Da aka kafa gunkin gwanaye biyar na wasan a Wembley a 2015, an sa shi tare da Boston, Eric Ashton, Alex Murphy da Gus Risman.