Babur na hannu: ka je masa da asuba

'Yan uwa masu neman babur na hannu, ko a Garwa kuke, ko Marwa, ko Ngaundere, ra'ayina ɗaya ne: in ka iso ka tarar inji da zafi, an riga an tayar da shi, ka ce da mai shi sai gobe da asuba. Inji mai zafi yana rufa wa mai shi asiri.

Da safen, ka taɓa kan inji da bayan hannu, ka tabbatar da sanyi, sannan ka buga kik da ƙafarka. In kik ya sulale ƙasa ba tare da ya turje ba, ring ko bawul sun gaji. Da ya tashi, idonka a kan salansa. Baƙin hayaƙi matsalar kafireta ce, ko matatar iska ta toshe, wannan ƙaramin gyara ne. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi kuwa baƙin mai yake ƙonawa, sai an buɗe inji. Ka zaro ma'aunin mai ka murza tsakanin yatsu a cikin rana. Ya yi kauri fiye da kima? Wasu dillalai man giya suke zubawa don ƙara ta kwanta. Ka ga ɗan ƙyalƙyali a ciki? Ƙarfe ne ke cin ƙarfe.

Kunne ma yana da aiki. Kas-kas daga sama yawanci saitin bawul ne, minti kaɗan bakanike ya gama. Amma bugu mai nauyi daga ƙasa, wanda ke ƙaruwa in ka murza totur, wannan sai an raba inji biyu, kuma kuɗinsa na iya cinye duk ragin da ka samu. Boxer da TVS suna da sarƙar taimin a ciki, in ta saki za ka ji tana kwaranniya. Honda CG125 da 'ya'yanta na Sin ba su da ita, sanduna ne ke tura bawul. Tun 1975 aka fito da wannan inji domin ƙasashen da ba a cika kula da juyen mai ba, shi ya sa har yau tsohuwar CG mai gaskiya ta fi mini sabon fenti.

Fenti kuwa, Malam, kwana ɗaya ake yinsa. Babur ɗin da ya sha kilando, wato acaba, ko ya yi shekaru yana dakon jarkokin zuwa-zuwa, wato fetur ɗin fasa-ƙwauri, daga bakin iyaka, a ƙashinsa ake gane shi. A cire kujera da tanki, ka duba walda a wuyan firam da ƙarƙashin kariya. Ka kama tayar baya ka girgiza ta hagu da dama. Ka hau miƙaƙƙiyar hanya ka ɗan sassauta hannu: in yana ja gefe guda, ya taɓa faɗuwa sosai.

Takardu ba wasa. Lambar da ke wuyan firam ta dace da ta kart giriz, wato takardar rajistar babur, harafi da harafi, ba alamar goge ko sabon bugu. A rubuta takardar sayarwa, a buga mata hatimi a wurin hukuma. Wanda ya ce "takardu suna gida, gobe zan kawo", to kuɗin ma su kwana a gidanka. Jandarma a hanya ba ruwansa da amanar da ke tsakaninku.

Bayan saye, ba sunan kamfani ke kashe babur a nan ba, ƙura da sakaci ne. Zafin Maris da Afrilu a Garwa yana haura digiri 40, ga inji iska kaɗai ke sanyaya shi. Kusan lita 1 na baƙin mai 20W-50 yake ci, kuma mai aiki kullum kada ya wuce kilomita 1,000 zuwa 1,500 bai juye ba. A CG akwai 'yar rariya a bayan murfin juye mai, yawancin yaran gareji ba sa wanke ta, sai ka tsaya a kansu. Soson iska a lokacin hunturu a wanke shi da kananzir duk mako biyu, a matse, a ɗiga masa mai kaɗan. Masu cire shi gaba ɗaya wai don babur ya yi gudu, yashi suke shayar da fistin.

In zuwa-zuwa kake sha, a tace da ƙyalle, kuma lokaci-lokaci a kwance ƙusar gindin kafireta ruwa da datti su fita. Sarƙar tayar baya ta riƙa motsi santimita 2 zuwa 3, kada a ɗaure ta tamau. In za a canza, a canza ta tare da haƙoran gaba da na baya, don tsohon haƙori da wuri yake cinye sabuwar sarƙa.

Masu riƙe da tsohuwar Suzuki AX100, ku hayaƙin shuɗi ɗabi'arta ce, ba cuta ba. Abin dubawa famfon 2T ne, man da injinta ke ƙonawa tare da fetur. In ya mutu kun koma gaurayawa a tanki, kamar mililita 25 zuwa 30 a kowace litar fetur, kuma 2T na gaske, ba ragowar baƙin mai daga gareji ba.