Hutun ɓoye: a duba dokar hutu kafin a zargi ma'aikaci

Tun watan Mayun 2024 jaridun Amurka suka sa masu aiki daga gida a gaba, wai suna sulalewa hutu ba tare da sanin shugabanninsu ba. Tushen maganar binciken kamfanin Harris Poll ne, wanda ya gano kashi 37 cikin 100 na ma'aikata 'yan shekara 28 zuwa 43 sun taɓa yin haka. Amma binciken ya kuma nuna kashi 78 na ma'aikata ba sa cinye kwanakin hutun da aka ba su, kuma wannan adadin da wuya ya hau kanun labarai.

Ruwa ba ya tsami banza. Dokar tarayyar Amurka ba ta tilasta wa kowane kamfani ba da hutu mai albashi ko na kwana ɗaya ba, alhali Tarayyar Turai ta wajabta mako 4, Birtaniya kwana 28. Inda hutu ya zama alfarma, mai nemansa yana tsoron a ce masa rago, ko a tuna da shi ranar rage ma'aikata. Sai ya ɗauka a ɓoye.

Dabarun ba wasu masu wuya ba ne. A Teams, manhajar da ma'aikata ke tattaunawa da ita, in kwamfuta ta yi kamar minti 5 ba a taɓa ta ba, koren ɗigon da ke nuna mutum na kan aiki ya koma rawaya. Don haka ake sayen 'yar na'urar da ke motsa linzamin kwamfuta, a tsara imel ya fita da kansa da tara na safe, a riƙa amsa saƙo ta waya. A 2024 bankin Wells Fargo ya kori fiye da mutum 12 kan kwaikwayon danna madannai. Shugaban da ya mai da koren ɗigo ma'aunin ƙwazo, koren ɗigon za a ba shi.

Ba wai abin ba shi da illa ba ne. Hutun da aka rubuta, akwai wanda ake miƙa wa aiki. Na ɓoye babu, sai abokin ciniki ya kwana yana jiran amsa. Wanda ya tsallaka wata ƙasa da kwamfutar ofis zai iya ja wa kamfani rigimar haraji ko ta dokar kare bayanai. Shi kansa bai huta ba, tunda ido na kan waya.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne ɗora laifin a kan aiki daga gida. Binciken masanin tattalin arziki Nicholas Bloom da abokansa a kamfanin tafiye-tafiye na Trip.com, wanda mujallar Nature ta buga a 2024, ya bi ma'aikata 1,612: kwana biyu a gida kowane mako bai rage ƙwazo ba, barin aiki kuma ya ragu da kashi ɗaya bisa uku.

Gyaran yana hannun kamfani. A rubuta abin da kowa zai kammala da ranar miƙawa, a ware sa'o'i 4 a rana da dole a same shi, sauran lokacin nasa ne. A sa mafi ƙarancin hutun da tilas ya ɗauka a shekara, a yarda da hutun rabin yini ba tare da tambayar dalili ba, kuma tun ranar da aka amince da hutun a rubuta sunan wanda zai riƙe masa aiki.