Kifin cikin kwando

Ranar Lahadin da ta wuce maƙwabcina a unguwar Aboabo, nan Kumasi, ya yaɓa mini maganar da har yau take ci mini rai. Dattijo ne mutumin Nabrongo a arewacin Gana, ɗan Katolika na gado, don tun 1906 'yan mishan ɗinsu suka sauka garin. 'Yarsa ta koma wata majami'ar Fentikos, ni kuma da shegen bakina na ce ai ba komai, Yesu ɗaya ne. Ya dube ni, ya ce da Hausarsa ta Zango: "Ɗana, ku masu bishara ba kwa zuwa kogi. Kifin da ke kwandon wani kuke kamawa."

Sai mutum ya zauna a Kumasi zai gane zafin maganar. Ka shiga tiroto, motar haya, a tashar Kejetiya, kafin ta cika wani saurayi ya miƙe da Littafi a hannu, wuyan riga ya jiƙe da zufa, yana wa'azi da yaren Tuwi, yaron mota na karɓar kuɗi ta ƙarƙashin hammatarsa. Da asuba lasifika ce a bakin layi. Su wa ake wa wa'azin? Matar da ke gefenka 'yar Metodis ce, na bayanka ɗan Firesbiteriya. Ƙidayar 2021 ta nuna Kirista sun haura kashi 71 cikin ɗari a Gana, Fentikos da ire-irensu sun kusa 32, Katolika kuwa ta sauko 10 daga 13 a 2010. Ba daga sama mutanen nan suka faɗo ba.

Abin da ya fi ƙona wa Baba, maƙwabcin nawa, rai shi ne an sake yi wa yarinyar baftisma. A wurinsu baftisma sau ɗaya ce, ba ta gogewa. Ko ɗan Furotesta ya shigo, in da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki aka yi masa, ba sa maimaitawa. Don haka a idonsa 'yarsa 'yar Katolika ce da ta bar gida. Mu kuwa tuba muke tambaya, ɗarika riga ce. Kuma gaskiya ko a ECWA ɗinmu, ikilisiyar bishara ta Najeriya, wanda aka yayyafa wa ruwa yana jariri sai ya shiga ruwa. Nan kam na ba shi gaskiyarsa.

Amma kada a haɗa mu da masu wa'azin tiroto! Bisharar da na tashi na gani ita ce ma'aikacin EMS, ƙungiyar mishan ta ECWA, a kan keke, da matarsa da tukunya ɗaya, a ƙauyen da ba a taɓa jin sunan Yesu ba. Kogin ke nan. Kuma a gida barin ikilisiya ba wasa ba ne, kun sani: dattawa za su zo, Zumuntar Mata za ta zo. Da ƙanwata ta auri ɗan Katolika, wata uku mahaifinmu bai yi mata magana ba. Tsanani ne, amma dai an san ta tafi.

Nan fa? Shekarata shida a Kumasi, majami'a huɗu na zauna, ba wanda ya taɓa biyo sawuna. Ba koyarwa ke korata ba. Inda za a rera waƙa ɗaya da Hausa nake nema, in ji gangar mata ta tashi. Wannan ban gaya wa Baba ba.