Matan Tailan ba da shiru suka tsallake korona ba

Jama'a, in an ambaci Tailan, shinkafa ce ke fara faɗo wa yawancinmu a rai. Ni kuwa iyaye mata 'yan ƙwadagon ƙasar ne suka tsaya min a zuciya.

A yankin Isan, arewa maso gabashin ƙasar, ba baƙon abu ba ne uwa ta bar ɗanta a hannun kaka ta tafi Bankok aikin masana'anta ko otel, duk wata tana aiko da kuɗi. Kwatsam sai ga korona. A watan Maris na 2020 aka rufe manyan kantuna, aka kafa dokar ta-ɓaci, tashar motar Mo Chit da ke Bankok ta cika maƙil da masu komawa ƙauye. 'Yan yawon buɗe ido da suka kusa miliyan 40 a 2019 ba su kai miliyan 7 ba a 2020. Gwamnati ta ba da tallafin baht (kuɗin ƙasar) 5,000 a wata har wata uku, amma sai an yi rajista ta intanet, kuma da dama ba su samu ba.

Ana yawan yabon haƙurin matan nan, kamar wai sun haɗiye baƙin cikinsu ne kawai. Ban yarda ba. A ganina magana ce ta riƙe su. Mace ce a ɗan ɗakin haya, dare ya yi, ta jingina waya da kwalbar ruwa ta kira gida ta manhajar LINE. Ta faɗa wa tsohuwarta gaskiya, kuɗin watan nan ba zai cika ba, a san yadda za a lallaɓa. Sannan a miƙa wa yaro waya, ya ɗaga littafinsa ta duba aikin makaranta. Wallahi faɗin "ba ni da shi" ga uwar da ke riƙe miki ɗa ba ƙaramar jarumta ba ce, balle a ƙasar da ake jin nauyin ɗora wa wani damuwa. A zaurukan hira na abokan aiki a waya kuma, wannan ta koya wa waccan cike fom, wata ta ce ga inda ake ɗaukar ma'aikata.

Abin da ke min ciwo shi ne masu ba da aikin. Dokar ƙwadagon Tailan ta tanadi sanarwa da kuɗin sallama, amma akwai matan da sai da suka zo aiki suka tarar da ƙofa a garƙame. Da wa za su yi maganar?